Bayan an cire mahaifa: matakan komawa kwanciyar aure da samun nutsuwar zuciya

Matan da aka yi wa aikin cire mahaifa a Kano, ko saboda ƙari ne, ko jini da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, ko fashewar mahaifa a doguwar naƙuda, ko cutar kansa, tambayoyinsu kusan ɗaya ne idan suka samu wanda za su iya tambaya. Yaushe zan koma wa mijina? Zan ji abin da nake ji a da? Shi zai ji bambanci? Me ya sa nake kuka haka kawai? Ranar sallama ba a cika samun sararin wannan magana ba. Ɗaki cike da 'yan dubiya, likita na sauri, ita kuma kunya ta ɗaure mata baki. Sai ta koma gida da ledar magani, sauran bayani kuma ta karɓa daga bakin maƙwabta da masu tallar kayan mata.

Aikin mahaifa shi ne ɗaukar ciki da fitar da jinin al'ada. Ni'ima daga jikin farji take tsatsowa, jin daɗi kuma cibiyarsa ɗan tsaka da bakin farji, waɗanda tiyatar ba ta taɓa su ba. Shi ya sa akasarin matan da aka yi wa aikin saboda ƙari ko zubar jini suke samun kwanciyar aure ta koma yadda take, wasu ma ta fi da, tunda ciwon mara da jinin da ke hana su sakewa sun tafi. Sai dai hakan yana samuwa ne idan an bi abubuwa bi da bi.

1. Ki san ainihin abin da aka cire

Aikin iri-iri ne, kuma duk abin da zai biyo baya ya dogara da wanda aka yi miki. Kafin ki bar asibiti, ko a komawarki ta farko, ki roƙi likita ya rubuta miki amsar tambayoyi uku.

Ta farko, an cire bakin mahaifa ko an bar shi? Idan an cire, to an ɗinke can ƙarshen farji an rufe shi, ya zama kamar aljihun riga, buɗe ta waje, ɗinke ta ciki. Wannan ɗinki da ba kya gani shi ne dalilin duk jiran da za a ce ki yi. Idan kuwa an bar bakin mahaifar, abin da aka fi yi a aikin gaggawa lokacin haihuwa, za ki ci gaba da zuwa gwajin kansar bakin mahaifa kamar kowace mace, kuma wasu kan ga ɗan ɗigon jini duk wata.

Ta biyu, ma'ajiyar ƙwai guda biyu suna nan, ko an cire ɗaya, ko duka? Su ne ke samar da sinadarin istirojin, mai riƙe laushin farji da ƙarfin ƙashi. Ko ɗaya aka bari, tana iya ɗaukar aikin. Idan duka aka cire, mataki na 8 naki ne, kada ki tsallake shi.

Ta uku, ta ina aka bi: yanka a mara, ta farji, ko ƙananan huji da kyamara?

Gargaɗi: abin da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji a duba. Sau da yawa 'yan uwa ake miƙa wa robar da aka sa shi a ciki su kai, sai ta ɓace a rububin jinya, ko a kai a ƙi komawa karɓar sakamako. Ki sa mutum ɗaya ya riƙe wannan aiki har takardar ta zo hannun likita, domin ita ke tabbatar da ko ƙari ne kawai ko akwai abin da ke buƙatar ƙarin magani.

2. Makonni shida na farko: ki bar raunin ciki ya haɗe

Ɗinkin mara yakan bushe cikin kwana 10 zuwa 14, kuma a nan mutane ke ruɗuwa, su ɗauka an warke. Na ciki yana bukatar aƙalla mako 6, wani lokaci 8, kuma bayan aikin kyamara likitoci da dama kan ce a kai mako 12 kafin saduwa, duk da cewa a waje ba a ganin komai sai 'yan tabo ƙanana.

A wannan tsakani kada komai ya shiga farji. Ba saduwa, ba yatsa wajen tsarki, ba matsi, ba miski, ba alif, ba turaren tsuguno, ba zama cikin ruwan bagaruwa ko na ganye. Tsarki a waje kawai, da ruwa mai tsabta, daga gaba zuwa baya. Masu sayar da kayan mata za su ce miki yanzu ne ma kike bukatar "gyara". Abin da aka cusa a kan ɗinkin da bai haɗe ba yana kawo ruɓa da mugunya, alif da makamantansa kuma suna busar da fatar ciki har ta tsage, wurin ya warke da tabo mai tauri wanda zai riƙa yi miki zafi shekara da shekaru.

Ɗaukar nauyi ma haka. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ba taki ba ce yanzu. Haka jan guga a rijiya, daka, wanki a sunkuye, sauke babbar tukunya, da goyon yaron da ya fara tafiya. Abin da ya fi butar shayi cike da ruwa nauyi, ki kira wani. Amma kwanciya wuni guda ita ma cuta ce, domin tana sa jini ya daskare a ƙafa. Ki riƙa zagaya tsakar gida minti 5 zuwa 10 sau da yawa a rana, kina ƙarawa duk mako. Idan fita ta kama a adaidaita sahu, ki tokare mara da ɗan matashin kai, ki ce wa direba ya bi ramuka a hankali.

Za ki ga ruwa mai ja-ja ko ruwan ƙasa yana fita kaɗan-kaɗan har kusan mako 6, wani lokaci da guntun zare, domin zaren ciki narkewa yake. Audugar mata ta isa. Jinin daga ɗinki yake fitowa, don haka ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin yadda yake, ya faɗa miki hukuncin sallah da azumi, musamman idan aikin ya zo tare da haihuwa. Sallah a zaune kuwa, ga wanda tsayuwa da sujada ke wahalar da shi, sauƙi ne da shari'a ta bayar.

Idan aikin ya haɗu da jego, a yi wanka da ruwa mai ɗumi. Tafasasshen ruwa da fyaɗa ganye a ciki da gasa mara da tsumma su dakata, haka ma yawan kunun kanwa, wanda ke ɗora wa zuciya nauyi ga matar da ta riga ta zubar da jini.

Gargaɗi: ki koma asibiti a ranar, ko da dare ne, idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni, jini ja da ke jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ruwa mai wari, ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburi da ciwo a ƙwauri ɗaya, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Idan kuma fitsari ne ke zuba ta farji ba tare da kin ji ba, kada ki ɓoye. Rauni ne da kan samu mafitsara ko bututun fitsari lokacin aiki, kuma ana gyara shi. Cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala aikinta ke nan.

3. Ki cike jini, ki sassauta ciki

Mace mai ƙarancin jini ba ta da ƙarfin sha'awa, kuma yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki sun daɗe suna zubar da jini kafin a kai ga tiyata. Ki sha maganin ƙarin jini yadda aka rubuta, yawanci wata 3, kada ki daina don kin ji sauƙi. Kada ki kora shi da shayi, yana hana jiki ɗaukarsa. Lemon zaƙi ya fi. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo su shiga abinci.

Maganin jini da masu kashe ciwo irin su tiramadol suna taurara bayan gida, yunƙuri kuma yana danna ɗinkin ciki. Ruwa lita 2 a rana, fiye da haka a zafin Maris zuwa Mayu, da gwanda da miyar kuɓewa da ganye. Idan kwana uku suka wuce ba ki zaga ba, ki nemi a rubuta miki mai sassautawa.

4. Ki fara motsa tsokar da ke riƙe fitsari

Da zarar an cire robar fitsari kina iya farawa. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware. Ki matse tsokar da kike matsewa idan kina riƙe iska da fitsari a cikin mutane, ki ja ta sama, kina numfashi yadda kika saba. Ki ƙirga 3, ki saki gaba ɗaya, ki huta, ki maimaita sau 10. Sau uku a rana. A hankali ki kai ƙirgen zuwa 10. Don kada ki manta, ki haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha'i.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matse ciki da cinyoyi, ko riƙe numfashi, ko gwadawa ana tsakiyar fitsari. Sakin ma yana da muhimmanci daidai da matsewar, domin tsokar da ta saba ƙanƙamewa ita ke kawo zafi lokacin saduwa. Amfanin yakan bayyana bayan kamar wata 3: fitsari ya daina ɗiga idan kin yi tari, kuma ki fi jin jikinki a shimfiɗa. Wannan ne matsin da ba ya cutarwa, kuma ba a biyan ko kwabo.

5. A yi magana da maigida kafin lokaci ya yi

Kada a bar maganar sai daren da za a koma. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba kowa a ɗaki. Idan bakin ya yi nauyi, ga yadda za ki iya farawa: "Abban yara, likita ya ce akwai ɗinki a ciki da ba a gani, sai ya duba ya ce ya haɗe. Ba gudunka nake ba. Ina so ka raka ni ranar, ka ji da kunnenka."

Malam, wannan ɓangare naka ne. Akwai maganganu uku da za ka ji a majalisa, kuma duk ba su da tushe. Za a ce cikinta ya zama fanko. Mahaifar da ba ciki tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne kawai, kuma hanji ne ke cike gurbinta. Za a ce maniyyi zai taru a cikinta ya zama cuta. Ƙarshen farji a rufe yake, abin da ya shiga yana fitowa kamar yadda yake fitowa a da. Za a ce ba za ka ƙara jin daɗinta ba. Abin da kake ji daga jikin farji da tsokarsa ne, kuma suna nan yadda suke.

Abin da matarka ta fi tsoro shi ne a ce ta tashi daga mace. Tana kallon yadda kake shigowa ɗaki, da inda kake zama, da ko ka daina taɓa ta. Riƙe hannu, zama kusa, shafa baya, hira har barci ya ɗauke ku, duk ba sa taɓa ɗinki. Idan gidan da abokiyar zama, a ɗauke mata girki saboda jinya, amma kwananta yana nan nata, sai idan ita ta yafe da bakinta. Karɓe mata kwana da sunan ba ta da lafiya yana karya zuciya fiye da yadda maza ke zato.

6. Ganin likita a mako na shida

Kalanda ba ta ba da izini, dubawa ce ke bayarwa. Ki koma sashen mata na asibitin da aka yi aikin, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne, ko Murtala, ko Nassarawa, ko mai zaman kansa, da katinki da takardar sakamakon gwaji. Za a duba ƙarshen farji a ga ko ya haɗe. Idan kin fi sakewa da likita mace, ki faɗa tun wajen karɓar kati, ko ki nemi nas ta tsaya tare da ke.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, idan kin kasa karantawa ki miƙa masa. Ki tambaya kai tsaye: "Likita, zan iya komawa wa maigidana?" Ki faɗi duk maganin da kike sha, domin wasu magungunan hawan jini da na damuwa suna rage sha'awa, kuma ciwon sukarin da bai daidaita ba yana kawo bushewa da ƙaiƙayi. Ki nemi a auna jininki. Idan kina da ashanar tazarar haihuwa a hannu, yanzu ba ki da bukatarta, a cire.

7. Saduwar farko

Abin da za a tanada ɗaya ne: man santsi mai ruwa, irin su K-Y Jelly, daga kemis mai rajista, da lambar NAFDAC a jikinsa, kuma a duba ranar lalacewarsa. Kwali ɗaya yana daɗewa. Maigida na iya sayowa idan ke kina jin nauyi. Basilin da man shafawa mai turare da yawu ba su dace ba: basilin yana mannewa a ciki ya jawo sanyi, turare yana ƙona fatar da ta yi laushi, yawu kuma nan take yake bushewa.

A zaɓi daren da ba gajiya, ba baƙi a gida. Ki yi fitsari tukuna. A ɗauki lokaci a wasa, minti 15 zuwa 20 ba su yi yawa ba, domin idan sha'awa ta motsa farji yana ƙara tsawo ya jiƙe da kansa, abin da kuma ake bukata ke nan. A shafa man a bakin farji da jikin maigida, a ƙara idan ya bushe.

Ke ce za ki riƙe linzamin zurfi da sauri. Hanya mafi sauƙi ita ce ki kasance a sama, ko ku kwanta a gefe kuna fuskantar juna, yadda nauyinsa ba zai hau kan tabon mara ba. A fara sama-sama. A makonnin farko a guji duk yanayin da ke kaiwa can ciki da ƙarfi. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara cewa idan kin ce a tsaya, an tsaya, ba fushi. Daren farko ba lallai ne a kai ƙarshe ba. Bayan an gama ki sake yin fitsari, ki wanke waje da ruwa kawai.

Ɗan tauri da jin baƙon abu a karon farko da na biyu ba abin tsoro ba ne. Zafi mai suka kuwa alama ce ta a dakata. Kada ki cije ki daure don kada ransa ya ɓaci, domin jiki yana riƙe abin da ya ji: gobe tun kafin a taɓa ki tsokar za ta ƙanƙame, zafin ya ninka, daga nan sai gudun shimfiɗa, sai zargi ya shiga tsakani. Wasu matan kuma kan ce gamsuwar ta ɗan sauya salo, tunda babu motsin da mahaifa ke yi a ƙarshe. Ƙara lokacin wasa a waje, wajen ɗan tsaka, yakan cike wannan gurbi.

Idan kina ganin ɗigon jini duk bayan saduwa, yawanci wani ɗan jan nama ne ya tsiro a kan ɗinkin. Likita na ƙona shi da magani cikin 'yan mintuna ba tare da an kwantar da ke ba.

Gargaɗi: idan ana cikin saduwa ko bayanta kika ji ciwo mai tsanani farat ɗaya, ruwa ko jini ya ɓalle, ko kika ji wani abu yana saukowa a farji, ɗinkin ciki ne ya buɗe. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma saduwa kafin lokaci ce ta fi jawo shi. Kada a tura komai ciki. A rufe da tsabtataccen ƙyalle mai danshi, ki kwanta, kada ki ci ko ki sha, a wuce da ke sashen gaggawa.

Gargaɗi na biyu: cire mahaifa ya rufe ƙofar ciki, bai rufe ta cututtukan saduwa ba. Idan sanyi ya shigo gida, miji da duk matansa ake yi wa magani tare.

8. Idan an cire ma'ajiyar ƙwai duka biyu

Abin da sauran mata ke shiga a hankali wajen shekara 50, ke kin shige shi cikin 'yan kwanaki. Zafi zai riƙa taso miki daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa matashin kai da tsakar dare ko a hunturu, barci ya gagara, rai ya riƙa ɓaci kan abin da bai kai ya kawo ba, farji ya bushe, sha'awa ta ja baya. Mutane za su ce iska ce ko sammu. Ƙarancin istirojin ne, kuma yana da magani iri biyu.

Na farko shi ne wanda ke bin jiki duka: ƙwaya, ko abin mannawa a fata, ko man shafawa a dantse. Ga wadda aka cire wa mahaifa, yawanci istirojin shi kaɗai ake bayarwa. Ga mace 'yar shekara 30 ko 40, ƙa'idar likitoci ita ce ta ci gaba da shi har wajen shekara 50, domin bayan sauƙin zafi yana kare ƙashi da zuciya. Na fata ya fi ƙwaya sauƙin haɗarin daskarewar jini, sai dai ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Na biyu shi ne man istirojin na farji, wanda ke gyara bushewa daga tushe. Yadda aka saba rubutawa: kowane dare na mako 2, daga nan sau biyu a mako. Sauƙi yakan fara bayan 'yan makonni, ya cika a wata 3, kuma idan an daina bushewar na dawowa. Lokacin barci ake sa shi, ba a amfani da shi a madadin man santsi.

Gargaɗi: kada ki saya da kanki don wata ta ce ya yi mata. Wadda ta taɓa kansar nono ko wasu nau'o'in kansar mahaifa, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, sai likita ya auna ya zaɓa mata, kuma akwai magungunan rage zafin jiki da ba su da istirojin.

Wannan ne kuɗin da ke maimaituwa duk wata, don haka a sa shi cikin lissafin cefane tun farko, kuma ki tambayi likita sunan sinadarin, ba sunan kamfani kawai ba, don ki iya samun mai rangwame. Idan kuna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato KSCHMA, ko na tarayya, ki tambaya a asibitinku abin da katin ya ɗauke. Don ƙashi kuma: nono da kindirmo, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, tafiyar minti 30 a yawancin kwanaki, da shan hantsi a tsakar gida. Kayan barci na auduga da rage yaji da shayi mai zafi da dare suna rage gumin.

Wadda aka bar wa ma'ajiyar ƙwai ma ta lura, domin nata lokacin kan iya zuwa da ɗan wuri, kuma ba ta da jinin al'ada da zai nuna mata. Mai shayarwa kuwa bushewa ta saba zuwa mata har sai ta yaye.

Akwai wani abu da ya shafi wadda ta zubar da jini sosai a haihuwa. Idan nono ya ƙi zuwa kwata-kwata, ga kasala da jiri da jin sanyi, gashin hammata da na mara yana zubewa, sha'awa ta mutu, ki gaya wa likita waɗannan alamu a haɗe. Wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai sarrafa sinadaran jiki, kan samu rauni saboda zubar jinin, kuma gwajin jini ne ke gano ta.

9. Zuciya

Matan ba ɗaya suke ba a nan. Mai shekara 48 da 'ya'ya bakwai, wadda ƙari ya hana ta sallah da azumi cikin nutsuwa, takan ji an sauke mata kaya, kuma ba laifi ta ji hakan. 'Yar shekara 24 da ta shiga naƙuda ta farka aka ce ba ɗa ba mahaifa, kuma ba da saninta aka sa hannu ba, wannan makoki take yi, makoki biyu a haɗe. Ce mata "ki gode Allah kin rayu" gaskiya ne, amma idan shi kaɗai ake maimaita mata, sai ta ji kukanta ya zama butulci, ta koma yi a ɓoye. Yarda da ƙaddara ba ta hana hawaye.

Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za ki riƙa buɗe wa ciki: mahaifiya, yaya, aminiya, ko malamar Islamiyya mai riƙon sirri. Sauran jama'a "an yi min aiki, na samu sauƙi" ta ishe su. Ku zauna da maigida ku yanke wa za a faɗa wa a danginsa, kuma idan gori ya taso daga uwar miji ko abokiyar zama ko dangi, shi ya kamata ya tare, tun karon farko. Idan ba ki fahimci dalilin da ya sa aka cire ba, ki nemi likita ya buɗe fayil ya yi miki bayani dalla-dalla. Mata da yawa sai bayan wannan zaman suke daina zargin kansu ko mijin da ya sa hannu.

Maganar riƙon ɗan 'yan uwa ko maraya abu ne mai kyau da al'adarmu ta sani, amma kada a kawo mata yaro a watan farko don a rufe bakinta. A bari ita ta nema.

Kuka da sauyin rai a makonnin farko abu ne da aka saba gani. Abin da ke nuna an shiga ciwon damuwa shi ne idan ya wuce mako 2 kullum kina cikin ƙunci, abin da kike so a da ya fita ranki, barci da cin abinci sun rikice, kina ganin ba ki da amfani, ko kina ta ganin ranar aikin tana dawo miki a farke da mafarki. A nan addu'a da magani tare suke tafiya. Ki fara gaya wa likitan matan, ya tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Aminu Kano ko Asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Idan an ba ki magani kika ga ya ƙara kashe sha'awa, kada ki yanke shi da kanki, ki koma a sauya.

Gargaɗi: idan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai ya zo, a faɗa wa wani a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗaki, a kai ta asibiti.

10. Idan wata uku sun wuce ba a daidaita ba

Ki koma, kuma ki faɗi inda zafin yake, domin magani ya bambanta. Zafi a bakin shiga yawanci bushewa ne ko ƙanƙamewar tsoka. Zafi can ciki kan zo daga tabon ɗinki ko mannewar hanji. Ƙaiƙayi da ruwa mai wari sanyi ne, a gwada kafin a sha magani. Jin nauyi ko wani abu na leƙowa idan kin daɗe a tsaye zazzagowar farji ce, kuma ana gyara ta.

Wadda aka yi wa aikin saboda kansar bakin mahaifa lamarinta ya ɗan bambanta. Akan yanke ɗan saman farji, ya rage tsawo, idan kuma an yi gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, wurin kan tsuke ya manne. Akwai robobi masu girma daban-daban da ake sawa da man santsi na minti 5 zuwa 10, kamar sau uku a mako, don hana tsukewar. Ki tambayi likitan da ke kula da gashin yaushe za ki fara, da inda za ki same su. Kansa ba ta bin miji ta hanyar saduwa, kuma gashin da aka gama ba ya barin komai a jikinki da zai cutar da shi.